Sauya Hannun Ƙofar Jip: Nasiha Ga Matasan Direbobi Da Masu Koyon Kanikanci

Kowace ƙofar jip tana da hannu biyu, na waje da na ciki, kuma aikinsu ɗaya ne: su saki sakata. Sakatar wani ɗan injin ƙarfe ne da ke ɓoye a gefen ƙofa, wanda ke cafke lanƙwasasshen ƙarfen da aka ɗaure a jikin ginshiƙin mota. Ita ce ke riƙe ƙofa a rufe, kuma hawa biyu take kamawa, shi ya sa ƙofar da ba a buga da kyau ba takan tsaya tana girgiza ba tare da ta wangale ba. Tsakanin hannu da sakata akwai siririyar sandar ƙarfe a tsofaffin motoci, a na baya-bayan nan kuma sau da yawa kebul ne irin na birkin keke. In aka ja hannu, sandar ko kebul ɗin ya motsa sakata, ƙofa ta buɗe, wani ƙaramin sifirin ya mayar da hannun mazauninsa. Bakin sandar kuwa wani ɗan kilif na roba ne ke riƙe da shi, wanda bai kai girman farcen yatsa ba. Matashin da ya san wannan jerin ya riga ya yi rabin gyaran kafin ya taɓa sukudireba, domin kowane ɗaya daga cikinsu na iya hana ƙofa buɗewa, amma hannun kaɗai ido ke gani, don haka shi ake fara ɗora wa laifi.

Hannun yawancin jip da ke kan hanya yanzu na roba ne, ko da an shafe shi da fenti ko an yi masa rufi mai ƙyalli kamar azurfa. Roba kuwa rana na cin ta. Motar da ke wuni a fili a watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato ko Maiduguri ko Zinder, robarta na bushewa shekara bayan shekara har ta daina lanƙwasa, sai dai ta tsage. Zafin ba hannu kaɗai yake taɓawa ba. A shekarar 2016 kamfanin Ford ya nemi a dawo masa da motoci sama da miliyan 2, cikinsu har da jip ƙirar Escape, saboda wani ɗan yanki da ke riƙe sifirin a cikin sakata yana karyewa, kuma da jihohin Amurka masu tsananin zafi ya fara.

Sai dai rana ba ita ce babbar mai laifi ba. Ƙurar hunturu na shiga cikin ƙofa ta gefen gilashi, ta gauraya da tsohon giris ɗin sakata, abin ya daskare. Sakata ta yi tauri, mai buɗewa ya ƙara ƙarfi, gobe ya ƙara, har ranar da hannun zai biyo shi. Ga kuma nauyin ƙofar jip. A hanya mai gargada maƙalan ƙofa na sassautawa, ƙofar ta ɗan sunkuya, sakata ta riƙa gogar ƙarfen ginshiƙi maimakon ta shige shi kai tsaye. Ƙofar bayan RAV4 ta kafin 2013, wadda ke buɗewa ta gefe kuma akasari take ɗauke da tayar safiya, nauyinta ya fi na sauran. In aka haɗa da yaran da ke lilo da hannun saboda tsayin motar, da fasinjan da ke fizgar hannu tun direba bai buɗe makulli ba, za a ga cewa hannu ba ya karyewa haka siddan. Wanda ya sa sabo bai nemo abin da ya karya tsohon ba, kuɗin na uku yake tarawa.

Saboda haka bincike ke gaba da zuwa kasuwa, kuma hannun da kansa yana faɗin abin da ke damunsa. Idan aka ja shi aka ji sakayau, babu wani nauyi, ƙofa kuma ba ta buɗe ba, to ko dai kilif ɗin ya fita, ko kebul ya tsinke, ko ƙugiyar da ke bayan hannun ta karye. Idan yana buɗewa amma ba ya komawa sai an tura shi, sifirin ne ya mutu ko datti ya riƙe shi. Idan yana da tauri daga waje da ciki duka, matsalar a sakata take. Idan sai an ɗan ɗaga ƙofa kafin ta buɗe, maƙalai ne, kuma wannan aikin mai gyaran jikin mota ne. Akwai kuma wanda ke kunyata yara a gareji: ƙofar baya ta ƙi buɗewa daga ciki, yaro ya kwance murfin ƙofa gaba ɗaya, ashe ɗan maɓallin kariyar yara da ke gefen ƙofar ne wani ya ture. Duba shi bai fi daƙiƙa biyu ba.

In an tabbatar hannun ne, sai sayen wani. A Kano ana nufar Ƙofar Ruwa, a Kaduna Panteka, a Abuja Apo, manyan dillalai kuma daga Ladipo ta Legas suke ɗauko kaya da yawa. Kayan iri uku ne: sabo na kamfanin motar, na Beljiyam da aka ciro daga wata mota, da sabo na kwaikwayo. Na kamfani ya fi tsada, ya kuma fi daɗewa. Na Beljiyam yakan zauna daidai domin asalinsa na kamfani ne, amma shekarunsa ɗaya da wanda ya karye, don haka a juya bayansa a duba ƙugiya da wuyan da yake juyawa a kai. In an ga farin layi siriri a jikin robar, tsagewa ce ta fara. Na kwaikwayo hawa-hawa ne, akwai mai kyau, akwai wanda tun a hannu za a ji ba shi da nauyi. Araha ba ta ado, kuma a ƙofar direba, wadda ake buɗewa fiye da duk sauran, ba wurin neman araha ba ne.

Dole a je kasuwa da tsohon hannun, ko da gutsure-gutsure ne. Faɗin sunan mota kawai ba ya wadatarwa, domin RAV4 da aka fara ƙerawa a 1994 ta sauya fasali sau da yawa, haka ma CR-V da Highlander da Lexus RX. Mai shago zai ce, "Ɗauki wannan, ƙanena, duk ɗaya ne." Amsar da ta dace ita ce, "To Alhaji, bari mu jera su mu gani." A ɗora sabo kan tsoho, a gwada tsawo, da wurin noti, da siffar ƙugiya. Na gaba daban da na baya a motoci da yawa, na hagu daban da na dama. Akwai kuma batun ramin makulli. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972, kamar yadda ake yi a Nijar, don haka sitiyarin motocin ƙasashen biyu a hagu yake, gidan makulli ma a ƙofar hagu. Kayan da aka ciro daga motar Japan ko Ingila, inda sitiyari ke dama, ramin makullinsu a ɗaya ɓangaren yake. Lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, wadda ake gani ta ƙasan gilashin gaba a gefen direba, ita ce ke raba gardama in aka samu mai shagon da ya iya amfani da ita. Launi ma yana da lamba. A motocin Toyota tana kan takardar da ke manne a bakin ƙofar direba, kusa da haruffan C/TR: 040 fari ne, 202 baƙi. Sabon hannu sau da yawa ba fenti yake zuwa, kuma gara a kai wa mai fenti tun ba a ɗaura ba.

Kayan aikin ba su da yawa: sukudireba mai faɗi da mai kan gicciye, soket lamba 10, filaya mai dogon baki, tocila, abin ɓamɓare kilif na roba, da makullin Torx mai lamba T30. Wannan na ƙarshen kansa tauraro ne mai tsini shida. Alanki yakan yi kamar zai shiga wurinsa, yara kuma kan gwada, sai kan notin ya cinye, aikin minti goma ya koma na wuni. Kafin a fara, a ɗaga gilashi ya rufe ruf, a manna tef a kan fentin da ke kewaye da hannun, a sami ɗan kwano na zuba notuna.

Akwai motocin da aikin ke da sauƙi ƙwarai, kuma ƙofar gaba ta RAV4 ta shekarun 2006 zuwa 2012 misali ce. Hannunta irin wanda ake zura yatsu a damƙe ne, kashi biyu: doguwar sandar da ake ja, da ɗan guntun da ba ya motsi a ƙarshenta, inda ramin makulli yake. A buɗe ƙofa a dubi gefenta, daidai saitin hannun, za a ga wani murfin roba zagayayye. In aka ɓamɓare shi, a can ciki akwai noti na T30. A sassauta shi kawai. An yi shi ne ya zauna a gidansa, ba ya fitowa, kuma mai ƙoƙarin zaro shi ɓarna yake nema. Da ya saki, ɗan guntun nan zai fito tare da gidan makulli. Daga nan a zame dogon hannun zuwa bayan mota, a jawo shi waje. A ƙarƙashinsa akwai siraran robobi da ke hana shi gogar fenti da shigar ruwa, a mayar da su yadda suke. Sabon hannun ana fara cusa bakinsa na gaba, sannan ƙugiyar baya ta shiga ta kama abin da ke jan sakata, a tura shi gaba har ya zauna. Gidan makulli na asali shi za a mayar, ko da sabon ya zo da nasa, don kada mai mota ya koma yawo da makulli biyu. Motocin Toyota da yawa na wannan zamanin haka tsarinsu yake, sai dai a ƙofar baya ba kullum ake samun notin ta gefe ba.

Inda babu wannan murfin, ko kuma hannun irin na da ne mai faɗi da ake ɗagawa sama, kamar na CR-V da RAV4 na farko, ko kuma abin da ya karye yana can cikin ƙofa, to sai an cire murfin ciki. A nan ake gane yaron da ya natsu. Notunan murfin a ɓoye suke: ɗaya a bayan hannun ciki ƙarƙashin wata 'yar roba, ɗaya ko biyu a cikin ramin da ake kamawa a jawo ƙofa, wani lokaci da wasu a gefe. Bayan an kwance su, sauran abin da ke riƙe murfin kilif-kilif ne da ke jere a kewaye. Daga ƙasa ake farawa, a zura abin ɓamɓarewa dab da kowane kilif a ɗaga, za a ji ya yi ƙara ya saki. Idan wani gefe ya ƙi, akwai notin da ba a gani ba. A tsaya a nema. Da duk sun saki, sama ake ɗaga murfin domin a rataye yake a bakin gilashi. Kada a janye shi nesa, wayoyin maɓallin gilashi da kebul ɗin hannun ciki na nan manne a bayansa. Kowace soket tana da ɗan harshe da ake dannawa ta fito, ba a fizgar waya.

Kafin a taɓa wayoyi ya kamata a cire kan batir na baƙar waya, bayan an riga an ɗaga gilashi. Wasu jip suna da na'urar jin karo a cikin ƙofa, wadda ke tayar da jakar iska ta gefe, kuma littattafan gyara na Toyota sun ce a jira aƙalla daƙiƙa 90 bayan cire batir kafin a yi aiki kusa da irin waɗannan na'urori. Duk soket mai launin rawaya ta jakar iska ce, babu ruwan mai sauya hannu da ita.

A bayan murfin akwai leda da aka manna da baƙin danƙo. Wannan ledar ta sha wahala a hannun masu gaggawa, yawanci yage ta ake yi a jefar, a ɗauka kwalliyar kamfani ce. Alhali ruwan sama yana shiga cikin kowace ƙofar mota ta gefen gilashi, ya gangara ya fita ta ƙananan ramuka da ke ƙasanta, ledar kuma ita ce ke tare shi kada ya jiƙa murfin ciki da sifika da maɓallan gilashi. Motar da aka yage wa leda da rani, sai damina ta kankama mai ita zai fara jin warin ruma, gilashi ya fara gardama, ba kuma zai taɓa danganta abin da gyaran hannun da aka yi watanni biyar baya ba. A ɓare ta a hankali daga kusurwar sama, iya inda hannu zai shiga, a bar danƙon a wurinsa don a sake mannawa.

Cikin ƙofa duhu ne, wurin matsattse, gefunan ƙarfen kuma suna yanka. A haska tocila, a ɗauki hoto da waya kafin a cire komai, domin sanduna biyu ko uku ne ke haɗuwa a wurin, na hannu da na gidan makulli da na maɓallin kullewa, kuma bayan rabin awa ba kowa ke tuna wacce ta bi ta bayan wacce ba. Kilif ɗin sanda juya shi ake yi ya saki sandar, sannan a zare ta daga rami. Tsohon kilif yakan karye ko da an bi shi a hankali, don haka mai dabara yana sayo biyu ko uku tare da hannun. Idan bakin sandar mai zare ne, a yi alama a inda yake zaune, domin tsawonsa ne ke sa hannu ya saki sakata a daidai lokacin. In ya yi gajere ko ya yi tsawo, ko dai ƙofa ta ƙi buɗewa, ko makulli ya ƙi kullewa. Hannun irin na da notuna biyu ne na lamba 10 ke riƙe shi daga ciki. A tura tsumma a ƙasan wurin kafin a kwance, domin notin da ya faɗa gindin ƙofa zai yi ta ƙara a kowane rami na hanya. A kuma kula da gilashi: gilashin gefe yana jure bugu a tsakiya, amma in ƙarfe ya daki bakinsa tarwatsewa yake yi gaba ɗaya. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido. Wajen ɗaurewa, da noti ya kama a ɗan ƙara kaɗan a tsaya, domin cikin roba yake zaune.

Hannun ciki ya fi sauƙi. Noti ɗaya ko biyu ne, ko kuma a manne yake da murfin, da kebul biyu masu ɗan dunƙule a baki, ɗaya na buɗewa ɗaya na kullewa. Kada dai a musanya su. Idan rufinsa mai ƙyalli ya fara ɓarewa a sauya shi ko da yana aiki, domin bakin ɓawon yana yanka yatsa.

Jip mai makullin da ba a zurawa, wadda ke buɗewa da an taɓa hannunta, tana da eriya da na'urar jin taɓawa a cikin hannun, da waya da ke bi ta cikin ƙofa. Hannu maras waya zai iya zama a wurin ya buɗe ƙofa, amma buɗewa da taɓawa ta tafi. Ba a sa wa mutum irin wannan sai da saninsa.

Tunda ƙofa a buɗe take, lokacin gyara asalin matsalar ya yi. A fesa wa sakata man wanke tsatsa irin su WD-40 ya narkar da tsohon datti, a goge, sannan a shafa farin giris kaɗan a inda ƙarfe ke gogar ƙarfe. Man feshin wanki yake yi, ba ya daɗewa. Baƙin mai yana tara ƙura, man birki kuma, wanda wasu ke ɗiga wa duk abin da ya yi tauri, yana cin fenti. A tsokane ramukan ƙasan ƙofa su buɗe.

Sai gwaji, kuma a nan ne kuskure mafi tsada yake. Ba a rufe ƙofa don a ga ko hannu yana aiki. Idan aka rufe alhali sanda ba ta kama ba, ƙofar na iya ƙin buɗewa, kuma buɗe ta na iya kaiwa ga lalata sakata. Ƙofa tana buɗe ake gwadawa. A sa jikin sukudireba a bakin sakata a tura, za a ji ta kama sau ɗaya, ta kama sau biyu. A ja hannun waje, a zaro sukudireban, a ga ta saki. A maimaita da hannun ciki. A kulle, a tabbatar hannun waje ba ya buɗewa. A buɗe da makulli, a sake gwadawa. A mayar da batir da maɓallin gilashi, a saukar da gilashi har ƙasa a ɗaga, ana saurare ko yana taɓa wata sanda. Kafin a buga ƙofar a tabbatar an bar sakata a sake, in ba haka ba za ta daki ƙarfen ginshiƙi. Rufewar farko a yi ta gilashi na ƙasa. Bayan haka a manna leda, a jona wayoyi, a rataya murfin daga sama, a daidaita kowane kilif da raminsa kafin a buga da tafin hannu. A motocin Toyota da yawa gilashi yakan daina hawa da kansa bayan cire batir. A ɗaga shi har ya rufe, a ci gaba da riƙe maɓallin na 'yan daƙiƙu, zai dawo.

Akwai al'adar ɗaure karyayyen hannu da waya ko manna shi da gam, ko a bar shi haka, direba ya riƙa zura hannu ta taga yana buɗewa daga ciki. Gam ba ya riƙe wurin da ake ja kullum. Barin shi kuma ganganci ne, domin in hatsari ya auku mutanen da ke bakin hanya ne ke fara isowa, kuma hannun waje suke kamawa. In wuta ce ko ruwa, na ciki shi ne mafita.

Yaron gareji da ya karya kilif ko ya karce fenti ya faɗa wa maigidansa nan take, "Maigida, ga abin da ya faru," tun murfi bai rufe shi ba. Mai mota kuma a nuna masa tsohon hannun, a gaya masa irin wanda aka sa, na kamfani ne ko na Beljiyam ko na kwaikwayo, da abin da aka tarar a sakata. Idan maƙalai sun sassauta a faɗa masa ya kai a gyara, domin sabon hannun ma ba zai daɗe a kan sunkuyayyar ƙofa ba. Matashin da aka damƙa wa tuƙin motar gida ya riƙa wanke sakatun ƙofofi yana sa musu giris sau biyu a shekara, bayan wucewar hunturu da kuma ƙarshen damina, kuma duk ranar da ya ji hannu ya fara tauri ya kai a duba a ranar.